Ɗaukar hoton furen daji a duwatsun Abzin

Mai karatu, ka taɓa duban furen tumfafiya kusa da kusa? Kullum muna wuce ta a bakin hanya, ba mu tsayawa. Furen nata fari ne, mai kunne biyar, bakin kowane kamar an taɓa shi da shuni. Wanda ya duƙa shi ke ganin wannan. Mai ɗaukar hoton fure ma aikinsa duƙawa ne.

Arewa da Agadas akwai duwatsun Abzin, waɗanda ake kira Ayar. A 1988 gwamnati ta keɓe babban yanki na Ayar da Tenere don kare namun daji da itatuwa. A 1991 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Ruwan sama kaɗan ne a can, yawanci cikin watan Agusta. In ya faɗi, nan da nan bakin ƙoramu ya yi kore, fure ya fito tsakanin duwatsu. Amma ba ya daɗewa, rana ta ƙone shi.

To in tafiya ta kai ka, ka fita da sassafe. Lokacin nan iska ba ta taso ba, hasken rana kuma bai yi zafi ba. Hoton tsakar rana, ni dai ban ga amfaninsa ba, launi duk ya kan kwanta.

Kafin ka durƙusa, duba ƙasa da gindin dutse, saboda kunama. Sa'an nan ka kafa gwiwar hannunka bisa dutse, don kada hannu ya yi rawa. Ko wayar salula ta isa. Bar kamar taƙi ɗaya tsakaninta da furen, in ka matsa fiye da haka hoton sai ya yi dishi-dishi. Taɓa furen a gilashin wayar har ya fito sarai. In iska ta kaɗa shi, jira. Kada inuwarka ta rufe shi. In furen ƙarami ne ƙwarai, kamar na tsidau, aje dala biyar kusa da shi, mai kallo ya san girmansa.

Kada ka tsinke shi. Daga fure ake samun iri, daga iri ciyawar baɗi, ita ce kuwa abincin awaki da raƙuman mutanen wurin. Tumfafiya ma in ka karya ta, nononta na yi wa ido lahani.

A kula da ƙorama. Ruwa kan faɗi can bisa dutse, kai kana ƙasa ba ka ga ko hadari ba, sai ya taho da ƙarfi. Shi ya sa ba a shiga ba tare da ɗan jagora ba.

In ka gama, tambayi ɗan jagoran sunan furen da Buzanci. Ɗauko littafinka, rubuta sunan, da wurin, da ranar.