Karantar da Mai Ciki Tun Kafin Haihuwa

Mace mai cikin fari ba ta san kome game da shayarwa ba sai abin da aka gaya mata. In aka bar ta har ranar haihuwa, a ranan nan ba ta da ƙarfin gardama. Abin da tsofaffin gida suka ce shi za a yi wa jaririn. Saboda haka ake so a karantar da ita tun tana zuwa awon ciki.

Abubuwa huɗu ake koya mata. Na fari, a ɗora jariri a ƙirjinta ya kama nono cikin sa'a guda da haihuwa. Na biyu, kada a matse dakashi a zubar, watau nonon farko mai kauri, domin shi ke tsare jariri daga cututtuka. Na uku, kada a ba shi ruwa, ko jiƙo, ko madarar dabba sai ya cika wata 6, ko da bazara ce. Galibin nono ruwa ne, yana kashe ƙishirwa. Ruwa marar tsabta kuwa zawo yake kawowa, zawo kuma yana kashe jarirai. Na huɗu, jariri ya buɗe baki sosai ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nono. Yawan tsotso shi ke kawo ruwan nono. Wadda ta san haka ba ta firgita ta ce nononta bai isa ba.

A shekarar 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kafa shirin asibitoci masu kula da shayarwa, suka sa karantar da masu ciki cikin ƙa'idodinsa 10. A Nijeriya, binciken lafiya na 2013 ya nuna kashi 17 cikin 100 na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ake ba nono zalla. A 2018 sun kai kashi 29. An ci gaba, amma da sauran aiki.

Mai ciki ba ta fita awo sai da yardar mijinta, ba ta kuwa ƙetare maganar uwar miji. Nan ne aikin hakimi. Lalle ne ya tara dagatai da masu unguwa su gargaɗi magidanta su bar matansu su je awo, tare da uwar miji in da hali. Malamin hakimi kuma ya rubuta ranakun awo, a yi shela ranar kasuwa, a kuma kira ungozomomi su ji abin da ake koyarwa, don bakinsu da na asibiti ya zama ɗaya.