TALLA A KAFOFIN SADA ZUMUNTA: Jagora Ga 'Yan Kasuwa Da Ƙungiyoyi

Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar tafi-da-gidanka ta fara aiki a Nijeriya, hanyar ciniki ta soma sakewa. A da, mai haja ba shi da abokin ciniki sai wanda ya tako ya zo bakin rumfarsa. Yanzu kuwa mai atamfa a Kantin Kwari da ke Kano yana iya nuna kayansa ga mai saye a Fatakwal, mai takalma a kasuwar Ariaria ta Aba ya sami ciniki daga Sakkwato. Abin da ya kawo wannan sauƙi shi ne kafofin sada zumunta, watau Facebook wanda aka kafa a 2004, da YouTube a 2005, da WhatsApp a 2009, da Instagram a 2010, da ire-irensu. A 2016 kuma Facebook ya shigar da Hausa cikin harsunan da ake aiki da su a kansa.

Amma akwai abu guda da ya kamata kowane mai talla ya riƙe a ransa. Mai saye ta waya bai taɓa kayan ba, bai kuma ga mai kayan ba. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, ciniki ta waya kuwa ya yi kusa da haka. Saboda haka babban aikin mai talla shi ne ya sa mai saye ya amince da shi. An shirya wannan takarda domin bayyana yadda ake samun wannan amana da yadda ake tsare ta.

ZAƁEN KAFA

Kamata ya yi mutum ya fara bincika inda masu sayen kayansa suke taruwa, sa'an nan ya kafa rumfarsa a nan. Kayan da ido ke saye, kamar ɗinki da lalle da abinci, sun fi karɓuwa a Instagram da TikTok. Sanarwar ƙungiya ko makaranta ta fi dacewa da shafin Facebook. Daidaita farashi da ƙulla ciniki kuwa sun fi sauƙi a WhatsApp, inda ake iya aika saƙon murya ga wanda bai iya karatu ba. Tun 2018 akwai WhatsApp Business, wanda ke ba mai sana'a damar jera hotunan kayansa da farashinsu, da rubuta adireshi da lokacin buɗe kanti. Kafa ɗaya ko biyu da ake kula da su kullum sun fi biyar da aka buɗe aka yi watsi da su.

SUNA DA RAJISTA

Ya kamata shafin sana'a ya zama dabam da shafin mutum na kansa. Wanda ya zo neman farashin shadda ba ya bukatar ganin gardamar siyasa. Sunan da ke kan shafi, da wanda ke kan allon kanti, da wanda ke kan asusun banki, duk su zama ɗaya. Hukumar CAC ce ke yi wa sunayen sana'o'i da ƙungiyoyi rajista, bisa dokar kamfanoni ta 2020, kuma da takardarta ake buɗe asusu da sunan sana'a. Mai saye yakan yi ɗari-ɗari idan ya ga sunan kanti dabam, sunan da zai tura wa kuɗi dabam.

YADDA AKE NUNA HAJA

1. A ɗauki hoton ainihin kayan da ke hannu, cikin hasken rana. Kada a ari hoton wani, kada kuma a gyara launi har ya saɓa wa na kayan.
2. A rubuta farashi, da awo ko nauyi, da kuɗin aikawa. Yawancin masu saye sukan wuce idan sai sun tambaya kafin su san farashi.
3. Idan kaya yana da aibi, a faɗa tun kafin a karɓi kuɗi.
4. A tsai da lokacin saka talla a riƙe shi. Abin da aka saka a sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, saboda haka yana bukatar sabuntawa.
5. Kada a jefa mutane cikin zauren talla ba da izininsu ba. Wannan yana kore abokin ciniki.

AMSA DA CIKA ALKAWARI

Wanda ya aiko da tambaya kamar wanda ya tsaya a bakin rumfa ne, in an bar shi tsaye zai matsa gaba. A amsa masa da wuri, cikin ladabi, ko da bai saya ba. Idan an ɗora kaya a tashar mota, a aika masa da hoton ƙunshin, da lambar direba, da ranar isowa. Idan an sami jinkiri, mai kaya ne ya kamata ya fara kira. Wanda ya kawo kuka a bainar jama'a kuwa, a ba shi amsa a natse, a nemi gyara. Masu karanta wannan amsa sun fi mai kukan yawa, kuma da ita za su auna mai kaya.

Haka abin yake ga ƙungiyoyi. A naɗa mutum ɗaya ko biyu masu hankali su riƙa magana da sunan ƙungiya. Ƙungiyar da ta nemi gudummawa ta shafinta, lalle ne ta dawo ta wannan shafin ta bayyana nawa aka tara da abin da aka yi da shi.

TSARE KAI DAGA 'YAN DAMFARA

Kada a saki kaya saboda an ga hoton rasit ko saƙon shigar kuɗi, domin ana ƙirƙirar na jabu. Sai a duba asusu a tabbatar kuɗin sun shiga. Har wa yau, kada a ba kowa lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa ta saƙo, ko da ya ce daga kamfani ko daga shugaban ƙungiya yake. Da su ake sace layin mutum a roƙi abokan cinikinsa kuɗi da sunansa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kowace kafa.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke zartarwa, ta hana yaudarar mai saye game da kaya ko farashi. Abinci na gwangwani ko na leda, da magani, da kayan shafawa, suna bukatar rajistar NAFDAC. Hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ita ke da ikon tace tallace-tallace, har da na intanet. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai zamba ta waya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa mai sana'a nauyin tsare lambobi da adireshin abokan cinikinsa, ba shi da ikon sayar da su ko raba su yadda ya ga dama.

LITTAFIN ABOKAN CINIKI

Shafin da mutum ya buɗe a kan waɗannan kafofi rumfar aro ce. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun tsaya cik a duniya duka har kimanin awa 6. A Nijeriya kuma an dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Saboda haka kowane mai sana'a ya ajiye littafi, ya rubuta sunan abokin ciniki, da lambarsa, da abin da ya saya, da inda ya ga tallan. A ƙarshen wata wannan littafi ne zai nuna masa kafar da ke kawo ciniki da wadda ke cin kuɗin data a banza, domin yawan mabiya ba shi ne yawan riba ba.

Ana roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa na kasuwa, shugabannin ƙungiyoyi kuma su bayyana ta ga membobinsu a wurin taro.