Me Ya Sa Ruwan Tafki Ke Komawa Kore?

Bayan sallar Juma'a wani dattijo manomi daga wajen Lolo ya tsayar da ni, ya ce: "Malam, tafkin gefen gonata ya koma kore shar, har kifi na tasowa a mace. Alwala da shi ta yi?"

Na ce masa: Baba, a wajen malamanmu na Malikiyya, idan abin da ya sauya ruwan daga cikinsa ya tsiro, kamar gansakuka, alwala ta yi. Idan kuwa najasa ce ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa, ba ta yi ba. Wannan hukuncin ke nan. Saura mu tambayi kanmu, wa ya mayar da ruwan haka?

Ku duba buhun takin NPK. Harafin P ɗin nan sinadari ne da ake kira fosfet, shi ke ƙarfafa saiwar shinkafa. Akwai shi kuma a kashin mutum da na dabba. Idan taki ya yi yawa, ko aka watsa shi ruwa na shirin sauka, sai ragowar ta gangara cikin tafki. Can ƙasa laka ke kama shi, ta riƙe shi tare da sinadarin ƙarfen da ke cikinta.

Wanda ya rage a ruwa shi gansakuka ke ci, ta yi ta yaɗuwa. In ta mutu sai ta nutse ta ruɓe, ruɓewar kuma ta cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Da iskar ta ƙare a ƙasa, sai lakar ta saki fosfet ɗin da ta riƙe, gansakuka ta sake samun abinci. Shi ya sa ko an daina zubawa yau, tafki kan ɗauki shekaru kafin ya warke.

Maƙwabtanmu na Benin sun ɗanɗana. Tafkin Nokuwe da ke Kwatano, wanda ke haɗe da teku, na shan ƙazantar birni, kuma idan ruwan daɗi ya rinjayi na gishiri sai baƙuwar kainuwa mai fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta rufe shi. Ta ɓangaren Benin ta shigo ruwan Badagiri a 1984, daga baya ta biyo kogin Kwara har tafkin Kainji. Muna cewa kainuwa dashen Allah, haka ne, amma mu ke ba ta taki.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudana. Abu Dawud ya ruwaito cewa yin bayan gida a mashaya na jawo tsinuwa. Aya ta 41 a Suratur Rum kuma ta danganta ɓarnar tudu da ruwa ga aikin hannun mutane.

Don haka manomi, zuba taki daidai buƙata, kada ka watsa in hadari ya haɗo, ka bar ciyawa tsakanin gonarka da bakin ruwa. Mai gida, nisanta masai daga mashaya. Mai shanu, kada garke ya kwana a gaɓa. Kwara daga Benin take shigo mana nan Bagudo, ta wuce Yawuri. Abin da ka saki, masuncin ƙasa da kai ne zai kwasa.

Allah Ya sa mu dace. Wallahu a'alam.