Alamomin Alkawari a Gidan Bahaushe Kirista

Masu fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda aka buga cikakkiya a shekarar 1932, sun ɗauki kalmar "alkawari" don bayyana ƙullin da ke tsakanin Allah da jama'arsa, har suka raba littafin zuwa Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Bahaushe ya riga ya san nauyin kalmar, sai dai ya fi saninta tsakanin mutum da mutum. Littafin Farawa ya ambaci alamomi biyu, bakan gizo ga Nuhu a sura ta 9, da kaciya ga Ibrahim a sura ta 17, wadda ake yi wa ɗa namiji a rana ta takwas.

Kaciya ba ta bambanta kowa da kowa a ƙasar Hausa, domin wanzami yana yi wa ɗan Musulmi, yana yi wa ɗan Bamaguje. Saboda haka baftisma ce ta zama shaidar shiga jama'a, kuma a kanta ake da saɓani. Ɗarikar Anglika, wadda Dakta Walter Miller ya kafa mata tushe a Zariya kafin a koma Wusasa, tana yi wa jarirai bisa alkawarin iyaye. ECWA kuwa, da ta samu daga aikin SIM a 1954, sai mutum ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa. Tambayar da ke ƙarƙashin saɓanin ita ce, da gida ake ƙulla alkawarin ko da mutum shi kaɗai?

Suna ya fi baftisma fitowa fili. Bulus da Bitrus da Istifanus da Rifkatu suna nuna addinin mai su nan take, haka ma Godiya da Alheri da Murna, waɗanda Hausa ce zalla. Amma Musa da Dauda da Ibrahim na kowa ne, kuma iyaye kan zaɓe su da sani.

A Kano wannan zaɓi yana da tarihi. Sarki Alu ya sallami ayarin Bishop Tugwell a 1900, daga baya Turawan mulki suka hana mishan aiki cikin ganuwa, majami'u suka taru a Sabon Gari. Kiristan da ke ciniki a kasuwar Ƙofar Ruwa, in sunansa Dauda, yana iya shekara ba a tambaye shi addininsa ba. Bitrus kuwa tun a gaisuwar farko an sani.