Darasi: Shawara Kafin a Ja Hanya

A 2008 Jihar Legas ta keɓe wa motocin safa layinsu na musamman, mai suna BRT, daga Mile 12 zuwa CMS. A 2015 aka ƙara tsawonsa har Ikorodu, can bayan gari. Irin wannan aiki yakan ci rumfunan kasuwa, ya taɓa abincin direbobin haya. Shi ya sa Doka ta 86 ta 1992 ta ce a baje wa jama'a rahoton illar babban aiki, su faɗi ra'ayinsu kafin a amince da shi.

Mu ma darasin ya shafe mu, tun da a 2023 aka ƙaddamar da aikin tagwaita hanyar Kano zuwa Kongolam. In an kira taron shawara, kada a bar wa dagaci shi kaɗai. Makiyayi ya san burtali, mai tallar fura ta san inda fasinja ke sauka, ɗalibi ya san inda yake tsallaka titi. Injiniya ba zai ga waɗannan a taswira ba. Tun ran gini, ran zane.

Aikin gida: A ina ya dace a sa tasha a unguwarku? Kawo dalilai uku.