CIWON BAYA DA WUYA: A YARDA DA FIƊA KO A DAKATA?

Da wuya a sami gidan da ba a san ciwon baya ba. Manomin Batsari da ya wuni a sunkuye yana haƙar rogo ya san shi. Mace a Safana wadda ta ke ɗauko ruwa da itace a ka kowace safiya ita ma ta san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum wajen miliyan 619 su ke fama da ciwon ƙugu. Wata rana ɗaya daga cikinmu zai komo daga asibiti ya ce, "Likita ya ce sai an yi mini fiɗa a baya." Sa'an nan za a taru, wani ya ce a yi, wani ya ce kul. Darasinmu na wannan wata domin wannan rana ne, don mu san abin da za mu faɗa wa ɗan'uwanmu.

1. Yadda bayanmu ya ke

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33. Bakwai suna wuya, 12 suna bayan ƙirji, biyar suna ƙugu, sauran kuwa suna can ƙasa. A tsakaninsu akwai faifai na guringuntsi, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Ta cikin jerin nan laka ta bi, daga gare ta kuma jijiyoyi su ke fita zuwa hannu da ƙafa. Idan faifai ya tsage ya bulluƙo, ya kan danne jijiya. Shi ya sa mutum ya kan ji zafi yana sauka daga ƙugu har tafin ƙafa, ko da ya ke ƙafar lafiyarta lau.

2. Ciwon da ba ya bukatar wuƙa

Yawancin ciwon baya daga gajiyar nama da gaɓoɓi ne, ya kan yi sauƙi cikin mako shida. Maganinsa tafiya kaɗan kaɗan, da rage kaya masu nauyi, da motsa jiki irin wanda ma'aikatan gashin ƙashi su ke koyarwa. Doguwar kwanciya tana ƙara shi. Mu yi hankali kuma da ƙwayoyin da a ke saya a kasuwa. Diclofenac da ibuprofen, in aka daɗe ana shansu, su kan ji wa ciki da ƙoda. Tramadol kuwa ya kan kama mutum har ya kasa rabuwa da shi.

Kada hoto kaɗai ya tsorata mu. A 1994 likitoci a Amurka suka ɗauki hoton MRI na mutum 98 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan, sai ga fiye da rabinsu da faifai a kumbure. Likitan kirki ya kan gwada abin da hoto ya nuna da abin da jiki ya ke ji, kafin ya yi maganar fiɗa.

3. Alamun da ba a jira

Akwai lokacin da jinkiri ya ke jawo gurguntaka. Ga alamun:

(a) Fitsari ya tsaya, ko kuwa fitsari da bayan gida suna zubowa ba da sanin mutum ba.
(b) Tsakanin cinyoyi da mazauni sun mutu, ba su jin taɓi.
(c) Ƙafa tana ƙara rauni kowace rana, takalmi yana suɓucewa.
(d) Mai ciwon wuya ya fara kasa ɗaura maɓalli, cokali yana faɗuwa daga hannunsa, yana tangaɗi in yana tafiya.
(e) Ciwon ya zo bayan faɗuwa daga babur ko itace.
(f) Ciwon baya tare da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, ko doro ya fara fitowa.

Alamu biyu na fari na ranar nan ne, kada a kwana. Wanda ya faɗi kuwa, a kwantar da shi a miƙe a kan katako ko ƙyaure, a riƙe kansa kada ya juya, kada a zaunar da shi a bayan babur. Maɗori ya iya karayar hannu, amma jan baya da murɗa wuya suna iya lalata laka, laka kuwa in ta yanke ba ta ɗoruwa.

Alama ta ƙarshe sau da yawa tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya, cutar da likita Percivall Pott na Ingila ya bayyana a 1779. Wannan da ƙwayoyi a ke fara warkar da ita, ana kuwa ba da su kyauta a wuraren maganin tarin fuka na gwamnati. Shansu ya kan kai shekara guda, ba a fashi. Sai ƙashi ya rushe ko ƙafafu sun fara mutuwa a ke haɗawa da fiɗa.

4. Inda shawara ta ke hannunmu

Bari mu ɗauki misalin mutum wanda faifai ya danne masa jijiya. Zafi yana sauka ƙafa wata biyu ke nan, amma ƙafar tana da ƙarfi, fitsari kuma daidai. Tun 1934, sa'ad da likitoci biyu, Mixter da Barr, suka nuna yadda a ke cire irin wannan faifai a birnin Boston, a ke yin aikin nan. A 2007 aka ba da labarin gwaji a ƙasar Holan a kan mutum 283. An yi wa waɗansu fiɗa da wuri, waɗansu aka ce su jira, a yi musu in ciwon ya ƙi. Na farko sun riga samun sauƙi, amma bayan shekara guda duka biyu sun zo kusan daidai.

Ashe a nan fiɗa tana sayen lokaci ne. Wanda zafi ya hana shi barci da gona yana da dalilin yarda. Wanda ya ke ganin sauƙi mako mako yana da dalilin dakatawa. Mu sani kuma, fiɗa ta fi kawar da zafin da ke sauka ƙafa ko hannu, ba ta cika warkar da ciwon da ya tsaya a baya kaɗai ba. Tana da nata haɗari: zubar jini, ruɓar miki, taɓa jijiya, wani lokaci kuma faifai ya sake fitowa.

5. Abin da za mu tambayi likita

Mai tambaya ba ya ɓata. Kafin a sa hannu a takardar yarda, mu tambaya: Mene ne sunan ciwon? Me zai faru in mun jira wata uku? Zafin ƙafa ne zai tafi ko na baya? Za a sa ƙarfe? Nawa ne kuɗin duka, har da hoto, da jini, da komowa a duba? Yaushe zai iya riƙe fartanya? Jin ta bakin likita na biyu ba raini ba ne ga na farko.

A kan fara daga asibitin da ke kusa, kamar Babban Asibitin Batsari, a karɓi takarda zuwa Katsina, inda akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Janar Amadi Rimi. Daga nan a kan tura waɗansu Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ko asibitocin koyarwa na Kano, da Zariya, da Sakkwato.

6. Namu rabon

Wanda aka yi wa fiɗa a baya ba zai yi aiki mai nauyi ba har makonni, wani har watanni. Idan ba na gaggawa ba ne, ya fi kyau a sa ranar bayan an kai amfanin gona gida. Mutanenmu na bakin dajin Rugu sun sha wuya a hannun 'yan bindiga, tun ba a 2019 ba, da yawa sun rasa shanun da za su sayar domin irin wannan rana. Don haka kada mu bar gida ɗaya da kayan nan. Maza su yi masa gayya, zumuntar mata ta ɗauki ruwa da daka, wanda ya iya karatu ya raka shi gaban likita ya rubuta amsoshi. Mu yi addu'a tare da shi, amma kada mu kunyata shi ko ya zaɓi fiɗa ko ya zaɓi jira, gama bayan nasa ne.

Tambayoyi

1. Faɗi alamu uku da za su sa a tafi asibiti ba jinkiri.
2. Don me hoto kaɗai bai isa a yanke shawarar fiɗa ba?
3. Yaya za a ɗauki wanda ya faɗi daga babur yana kukan wuya?
4. Wane ne a cikin ikilisiyarmu ya ke fama da baya yanzu, me kuma za mu yi masa a wannan mako?