Girman kare ba shi ne ingancinsa ba

Mai kiwon karnukan gasa, da mai shirin zuba kuɗi a kan ɗan kwikwiyo, kada girman jiki ya ruɗe ku. A gasar Crufts ta Ingila, wadda ta faro tun 1891, alƙali ba ya neman wanda ya fi kowa tsawo. Kowane jinsi da ma'auninsa a rubuce. Karen Jamus da ake kira Alsatian, namiji santimita 60 zuwa 65 ne daga ƙasa zuwa kafaɗa, mace kuma 55 zuwa 60. Wanda ya zarce haka aibi ne gare shi.

Idan aka dinga haɗa ƙato da ƙatuwa don a samu dodo, gaɓoɓi ne ke jin jiki. Sai ka ga kare yana jan ƙafafun baya tun bai tsufa ba. Manya masu zurfin ƙirji irin Great Dane kuma cikinsu kan kumbura ya murɗe, su mutu cikin sa'o'i kaɗan. Ƙanƙantar da Chihuahua fiye da kima ma matsala ce, macen kan kasa haihuwa sai da tiyata.

Kafin ka zaɓa, sa a zagaya da karen, ka tsaya ta bayansa ka ga yadda yake taka ƙasa. Nemi ganin uwa da uba, da hoton ƙashin ƙugunsu daga likitan dabbobi.

Karen Azawak na Buzayen Nijar da Mali kuwa siriri aka san shi, haƙarƙari a bayyane, namiji kilo 20 zuwa 25. Kada a ɗura masa abinci wai don ya cika ido.